Filin Tambaya da Amsa: Tumakina masu ciki da gonar da aka zuba wa yuriya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah ina da tumaki guda huɗu a gida 'yanƙasa, uku suna da ciki ɗayar ma ta kusa dan har hantsarta ta fara sauka, toh harawa ta yi tsada wallahi ba na iya saya kullum shi ne yarona yake kora su bayan unguwarmu inda wani maƙwabcinmu ya shuka masara suna cin ciyawar bakin gonar, yanzu shekaranjiya mutumin ya zuba taki farin nan yuriya kuma ciyawar wajen ta yi shar gwanin sha'awa. Maigidana ya ce ba komai ai taki ba guba ba ne, wata maƙwabciyata kuma ta ce ita haka tata ta yi ɓari bara, ni dai na rasa wa zan bi. Kwana nawa zan jira, kuma in sun riga sun ci me zan ba su dan an ce min ruwan kanwa yana yi.
Daga wata mai karatu a Ɗorayi, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kiwon ya sauke su lafiya. Ki riƙe su a gida daga yau, kada yaron ya ƙara kai su wajen nan sai an yi ruwa mai ƙarfi wanda ya narkar da takin ya shige ƙasa, kuma ko an yi ruwan ki bari a yi sati uku cur daga ranar da aka zuba. Ruwan kanwa kuma dan Allah ki ajiye shi gefe, zan zo kansa dan shi ne abin da ya fi ɗaga min hankali a saƙon naki.

Maganar Alhaji maigidanki tana da ƙamshin gaskiya ta gefe ɗaya, domin yuriya ba irin maganin feshi ba ce, har ma masu kiwon zamani suna sa 'yar kaɗan a cikin abincin shanu da awo da ƙa'ida bayan sun saba wa dabbar a hankali. Matsalar tana wajen yawa da kuma gaggawa. Yuriyar da ake sayarwa a kasuwanninmu, ko ta Indorama ce ko ta Dangote ko wacce aka shigo da ita, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, in ta faɗa tumbin tunkiya ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin nan take suke fasa ta ta koma wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, amoniyar ta bi jini ta tafi hanta, ita hantar tana iya tace kaɗan amma in ya zo mata da yawa lokaci guda sai ya fi ƙarfinta ya wuce ƙwaƙwalwa. Rabin giram a kan kowane kilo na nauyin dabbar da ba ta saba ba ya isa ya kwantar da ita, kinga 'yarƙasa mai kilo 35 abin da bai cika cokalin cin abinci biyu ba ke nan, in ya kai ninki biyu ko uku na haka kuwa sai dai wani ikon Allah.

To ki duba yadda manomanmu suke zuba taki. Ba watsawa ake yi ko'ina a baje ba, mutum yana tafe da kwano yana ɗiba da hannu yana ajiyewa tsibi-tsibi a gindin kowace masara, da yawa ba sa ma binnewa, wani ya zube a bakin kunya, wani a wajen da aka buɗe buhun. Tunkiyar da take ƙwaɗayin gishiri in ta ci karo da tsibi ɗaya lashewa za ta yi ta nemi na gaba. Sannan yayyafi ɗan kaɗan ya fi rashin ruwan ma haɗari, saboda yana narkar da takin ya taru a 'yan kududdufai tsakanin kunyoyi bai nitse ba, su kuma su kafa kai su sha. Shi ya sa na ce ruwa mai ƙarfi. A ƙasashen da suke kiwon tumaki da yawa a filayen da ake zuba wa taki, irin su Niyuzilan, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a jira ruwa ya kai milimita 25 ko a yi kwana 21. Mu nan ba mu da ma'aunin ruwa a gida, amma a Agusta ruwan Kano ɗaya mai kyau wanda ya cika kwata ya kan kai haka. Ki tura yaron ya tsuguna a gindin masarar ya ɗan tona da tsinke, in har yana ganin farare-fararen ƙwayoyi ko wani farin ɓawo a saman ƙasa to da saura.

Me ya sa na ce a ƙara jira ko bayan takin ya narke? Saboda akwai haɗari na biyu wanda ido ba ya gani, yana cikin ciyawar kanta, wannan shar ɗin da ya ba ki sha'awa. Shuka in ta samu taki da yawa tana zuƙar wani sinadari da ake kira naitiret ta tara a jikinta musamman a ƙasan kara, sai rana ta fito sosai take sarrafa shi, to in aka jera kwanaki ana hadari ana lumshi, ko an yi ɗan fari sannan ruwa ya dawo, sai ya taru ya yi yawa. In tunkiya ta cika tumbi da irin wannan sai ya juye ya zama wani sinadarin da yake hana jini ɗaukar iska, jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayin da aka sa wa Bournvita, tana numfashi da sauri amma iskar ba ta isa jiki. Tumaki sun ɗan fi shanu jure wannan, sai dai mai ciki ba ita kaɗai take shaƙar iskar ba, uwar tana iya miƙewa ta ware ki ce an tsallake, bayan 'yan kwanaki zuwa sati biyu sai ki ga ta zubar da ɗan ko ta haife shi ba ƙarfi. Kinga maƙwabciyar taki ba shaci-faɗi ta yi ba, zai iya yiwuwa abin da ya samu tata ke nan, duk da ɓari yana da dalilai da yawa.

Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne yunwa ce take kashe su fiye da takin. Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 150 ko ƙasa kaɗan, kuma mafi yawan girman ɗan a sati shida na ƙarshe yake yi, wajen kashi 70 cikin 100. A daidai lokacin ɗan ya danne tumbin ba ta iya cin da yawa lokaci guda, ga jikinta yana neman abinci fiye da kowane lokaci, to irin wannan ce za a kwana da ita ba komai a gabanta da safe a buɗe ƙofa ta fita a guje, duk abin da ta tarar haɗiya kawai take ba zaɓe. Wadda ta ci ko da ɗan ƙaiƙayi da dusa kafin ta fita a nitse take kiwo, abin da ya shiga tumbin ma ya tarar da wani abu a ciki. Saboda haka ko bayan sati ukun kada a sake su a wajen da cikin wofi, ki ba su busasshen abu tukunna, a bari raɓa ta bushe hantsi ya yi, ranar farko awa ɗaya ta isa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana biyar zuwa sati.

Na san za ki ce to Dakta sati ukun nan me za su ci tunda harawar ce ta gagara. Kada dai a ce an tsare su a gida sai kuma a bar su da yunwa, wannan wata musibar ce daban, mai tsohon ciki musamman mai tagwaye in ta wuni ta kwana ba ta ci ba tana iya faɗawa wani ciwo da sukarin jininta yake sauka, ta ware kanta a lungu ta daina tuƙa tana cije haƙora ta zama kamar ba ta gani, kuma in ta kwanta tayar da ita aiki ne. Ki haɗa abin da ya sawwaƙa, kowar wake, dusar masara ko ta alkama, ƙaiƙayi, ɗan garin ƙuli-ƙuli tafin hannu ɗaya, ki raba musu sau uku a rana maimakon tuli ɗaya, wadda ta kusa haihuwar a ware mata nata kwanon dan sauran kada su ture ta. In za ki sayi ɗanyar ciyawa wajen yaran da suke tallanta a buhu ki tambaye su a ina suka yanko, kyasuwa ko harkiyar da aka yanko daga fili ko bakin hanya daban take da wadda aka ciro daga cikin gonar da aka yi wa taki ko feshin kashe ciyawa jiya. Ki nema musu gishirin lasa na kanti wanda aka rubuta na tumaki ne, wadda take samun gishiri a gida ba ta cika rawar jiki a kan taki ba.

Yanzu in har an yi rashin sa'a sun lasa. Alamar yuriya ba ta ɓata lokaci, tsakanin minti 20 zuwa awa ɗaya za ki ga kunnuwa da fatar fuska suna karkarwa, yawu yana dalala har da kumfa, tana yawan fitsari tana cije baki, gefen cikinta na hagu ya kumbura, tana tafiya tana tangaɗi sai ta faɗi ta miƙe ƙafafu tana shure-shure. A nan ne mutane suke rugawa su jiƙa kanwa, kuma wallahi ƙara wa wuta fetur ne, dan kanwa tana kashe tsamin tumbi, amoniya kuma in tsami ya ragu ne ta fi saurin shiga jini. Tsami ake so. Binega ta girki wadda ake sayarwa a kanti, rabin lita zuwa lita ɗaya ga babbar tunkiya, a bi ta da ruwan sanyi, sanyin yana rage saurin fashewar yuriyar da ta saura. A ɗura a hankali ta gefen baki kanta a daidai ba a ɗage sama ba, tana haɗiya ana ƙarawa, in ta riga ta faɗi ba ta iya haɗiya kada a matsa dan zai bi ta maƙogwaron iska ya shiga huhu. Manja da madara da ake bayarwa ba sa warware wannan. Kuma ana ɗurawar wani yana kiran likitan dabbobi a waya, dan alamun suna iya dawowa bayan ta ɗan lafa. In kuma na ciyawar ne, ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba da dasashinta, maimakon ja-ja mai haske za ki ga ya yi duhu ruwan ƙasa, wannan binega ba ta yi masa komai, allura ce ta jijiya mai suna metilin bulu wadda likita ne kaɗai zai yi, kada a kora ta da gudu a ɗauko ta a adaidaita sahu zuwa asibitin dabbobi mafi kusa, ke da kike Ɗorayi na Gwale bai yi miki nisa ba. Kwalbar binega ɗaya a ɗakin girki da lambar likita a waya, ki tanade su tun yau tunda damina ce.

Ki kuma roƙi Alhaji ya yi wa maƙwabcin magana cikin mutunci ya riƙa binne takin, shi ma ribarsa ce dan yuriyar da aka bari a sarari cikin zafi wani kaso nata iska yake bi.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ina da 'yar gona a hanyar Gezawa na kewaye wani ɓangare na bar wa tumakina Balami ciyawa, ban sa takin zamani ba kashin kaji na sayo buhu-buhu daga gidan gona na watsa, ai wannan ba matsala ko tunda na gargajiya ne?
Daga wani mai karatu a Yankaba

AMSA: Wa alaikas salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shi ma sai an jira, ni har na fi jin tsoronsa ta wani fannin. Abin da ake sharowa daga ɗakin kaji ba kashi ne zalla ba, akwai buntu ko dusar katako, akwai ragowar abincin kajin wanda tumaki suke so sosai, kuma sau da yawa akwai mushen tsaki da ya ruɓe a ciki ba a lura ba. Mushen nan shi ne gidan ƙwayar cutar da take shanye jiki, botulizim, dabba ta kasa tsayawa wuya ya saki harshe ya fito, kuma ba wani maganin kirki da za a kama in ta kama. Ga kuma salmonela wadda take sa gudawa da ɓari. Na uku shi ne tagulla, ana yawan sa sinadarin kofa a abincin kaji, su tumaki kuwa duk cikin dabbobin gida ba wanda ya kai su rashin jure shi, yana taruwa a hanta wata da watanni ba alama sai rana ɗaya ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu.

Da ka tara shi waje ɗaya ka jiƙa ka rufe ya yi zafi ya ruɓe tukunna da ya fi. Tunda an riga an watsa, ka zagaya da manjagara ka tsince duk wani mushe ko ƙashi ka ƙone ko ka binne da zurfi, ka farfasa curin da ya dunƙule, ka ba shi wata guda cikakke da ruwa a kai sai ciyawar ta taso ta rufe ƙasa. Masu tsohon cikin kuma su zama na ƙarshen shiga. In wata rana ka koma takin zamani, kamfa ko supa, dokar jiran ɗaya ce da ta yuriya, ruwa mai ƙarfi da sati uku, supa tana da sinadarin fuloraid mai taɓa ƙoda in an lashe ta, kamfa kuma fotash ɗin cikinta yana rage wa dabba samun maganiziyam daga sabuwar ciyawa, masu shayarwa sabbin haihuwa ya fi kamawa.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki, mu muna noman rani a Kadawa, in mun cire amfani mukan saki dabbobi su ci saura, akwai gyauron dawa da ya sake tohowa da tsohon alayyahu da ya yi kara, an sha zuba wa wajen taki, masu ciki za su iya shiga?
Daga wani manomi a Kura

AMSA: Barka kadai Malam. A'a, waɗannan biyun da ka ambata su ne kan gaba a jerin abin da nake hana masu ciki. Alayyahu yana cikin shukokin da suka fi tara naitiret, balle na lambun da ruwan Tiga yake ratsawa ana bin sa da yuriya duk bayan yanka, kuma a karan nan da ya tsufa abin yake zama. Shanya shi ba ya fitar da shi, busasshen ma yana nan da abinsa. Gyauron dawa kuma nasa ya haɗa biyu, ga naitiret ga wata gubar mai saurin kisa irin wadda ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci, ta fi yawa a sabon toho mai laushi wanda bai kai gwiwar babban mutum ba, kuma taki yana ƙara ta. Fulani sun daɗe da sanin wannan shi ya sa za ka ga makiyayi yana kora garkensa da sauri in sun zo wucewa ta gyauro. Ita wannan gubar sa'ar da aka yi tana fita in an yanke an shanya ya bushe ƙarau, saboda haka in kana son amfana da shi ka bari ya wuce santimita 60, ka yanke sama-sama ka bar gindin, ka shanya kwanaki, sannan ka gauraya da harawar wake ko ta gyaɗa kada ya zama shi kaɗai ne abincin. Ka kuma kula da ruwan da yake kwanciya a ƙarshen fangali, da buhunan takin da aka zazzage aka yar a bakin kwalbati, na ga inda ake juye dusa a irin buhun nan ba a wanke ba.

TAMBAYA: Tunkiyarmu ta yi ɓari jiya da dare, matata ce ta kwashe ta wanke wajen kuma ita ma tana da ciki wata shida, sai yau wani yake ce min bai kamata ba. Gaskiya ne?
Daga wani mai karatu a Kurna

AMSA: Gaskiya ne ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri ya sauki iyali lafiya. Ba kowane ɓari ne daga taki ko ciyawa ba, wasu ƙwayoyin cuta ne da suke cikin mabiyiya da ruwan haihuwar dabbar, irin su burusela da kilamidiya da tokzofilasma, kuma suna iya kama mutum, mace mai ciki ta fi kowa shiga haɗari. Kada hankalinku ya tashi, amma ka kai ta asibitin da take awo yau ko gobe ku faɗa musu daidai abin da ya faru, in ta ji zazzaɓi ko ciwon jiki ko ciwon mara kada a tsaya sayen magani a kemis a tafi a lokacin. Kayan da ta sa a wanke su da ruwan zafi da omo, kai ko wani ya wanke ba ita ba. Ɗan da aka zubar da mabiyiyar a sa hannu cikin leda a ɗauka a binne da zurfi inda kare ko kyanwa ba za su tono ba, shimfiɗar wajen a ƙone, tunkiyar a ware ta daga sauran masu cikin na sati uku zuwa huɗu har zubar da take yi ta tsaya. In wata ta sake yin ɓari a garken kada ka binne wannan karon, ka ƙulle ɗan da mabiyiyar a leda biyu ka kai wa likitan dabbobi a ranar dan a duba musabbabin, kuma har matarka ta haihu wani ne zai riƙa sharar turken da ba su abinci.